Gautan Kura Ba Baƙo Ba Ne

Idan bazara ta yi, ruwan tafkin Kainji ya ja baya, shanu suka bi gaɓa daga Shanga har Wara, akwai tsiron da sukan kewaye su bar shi tsaye. Bai cika wuce ƙirjin mutum ba. Ganyensa toka-toka ne, mai laushin gashi. Ƙaya kuwa tana jikin kara, tana bin jijiyar ganye, har kan ƙoƙon da ke riƙe da fure. Furen shunayya ne, tauraro mai kusurwa biyar da rawaya a tsakiya. 'Ya'yansa kamar ƙananan yalo, kore masu zanen fari, su nuna su koma rawaya. Makiyayi ya san shi, manomin albasa ya san shi: gautan kura. Wanda bai san shi ba shi ne mai digiri.

Shi wannan, in ya zo Yelwa hutun salla, sai ya ɗauki hoton tsiron ya tambayi wayarsa. Manhajar da yawancin hotunanta daga Turai da Amurka suka fito tana iya ba shi sunan wani ɗan'uwan tsiron na can, shi kuma ya karɓa, alhali kakarsa na zaune a tsakar gida. Wannan ba wayewa ba ce, asara ce.

Za a ce, ina ruwan akanta ko lauya da sunan ciyawa? To, a dubi zaƙami. Dangi ɗaya ne da gautan kura, su da tumatir da barkono da taba, kuma sukan fito a wuri iri ɗaya: kufai, juji, bakin hanya. Bambanta su bai fi kallo ɗaya ba. Gautan kura ƙayarsa a jiki take, ɗansa sumul. Zaƙami jikinsa ba ƙaya, ɗansa ne mai ƙaya, furensa dogo kamar kakaki. Yaron da ya ci ɗanyen gautan kura, amai da gudawa da ciwon ciki za a fi gani. Wanda ya ci zaƙami kuwa baki ya bushe, jiki ya yi zafi, ƙwayar ido ta buɗe, ya kama sambatu. Ba banza aka kira shi haukata-yaro ba. Ma'aikacin lafiyar da uwa ta faɗa wa sunan abin da ɗanta ya ci, amma bai san tsiron ba, ya zubar da rabin bayanin da ya zo masa kyauta.

Jami'in gona ma haka. Dabbobi na ƙin gautan kura saboda ƙaya da ɗaci, don haka yawansa a makiyaya alama ce ta cewa kiwo ya ci ƙarfin ƙasa. Wanda ya ba da shawarar feshi kawai ya goge rubutun bai karanta ba.

Abin takaici, waɗansu sun daɗe da sanin darajarsa. Tun 1753 Linnaeus ya sa masa suna Solanum incanum, wato mai furfura, saboda tokar ganyensa. A 1916 wani likitan Turawan mulkin mallaka, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa, sunayen da ya tattara daga bakin mutanen da jikokinsu ke ganin tambayar ƙauyanci ce. A Balensiya ta ƙasar Sifen kuwa, masana sun haɗa auren wannan tsiro da gautan Turawa da ake nomawa, domin ɗan'uwansa ne na jeji mai jure fari. Abin da ake nome wa a yar a Ngaski, a can irinsa ake adanawa.

Ba cewa ake duk abin da tsofaffi suka faɗa a kansa gaskiya ne ba. Ana shafa ruwan 'ya'yansa a cututtukan fata a sassa da dama na Afirka, kuma gubarsa ba wasa ba ce; aikin masu ilimi ne su tace. Amma ba a tace abin da ba a iya nunawa da yatsa ba.

Madatsar Kainji ta kammala a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa, aka tayar da dubban Gungawa da Kambari da maƙwabtansu. Waɗanda suka yi wayo kafin tashin, suka san tsirran tsohuwar gaɓa da sunayensu a harsuna biyu ko uku, yau ƙaraminsu ya doshi saba'in.