Guzurin Mai Lacca

'Yan'uwana ɗalibai, ƙungiyoyinmu sun ɗauki al'ada mai kyau ta fita daga harabar jami'a su shiga unguwannin Sakkwato domin wayar da kan jama'a, ko kan zazzaɓin cizon sauro, ko tsabtar ruwan sha, ko karatun 'ya'ya mata. Sai dai akwai wani ɗan ƙaramin abu da yakan ɓata wannan aiki, watau mahaɗin da ke tsakanin kwamfuta da majigi, wanda 'yan kasuwa ke kira adafta.

A ce an gayyace ku wata makaranta a Tudun Wada. Mai unguwa ya aika, dattawa sun hallara, mata sun bar girki, yara sun cika tagogi. Hedimasta ya fito da majigin da ya daɗe a kabad, sai a tarar bakinsa irin na da ne, VGA mai ramuka 15, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, alhali kuwa kwamfutar mai lacca ba ta da kome sai HDMI, ko ma ɗan siririn nan USB-C na 2014. Nan take a shiga kame-kame, a tura yaro bisa babur ya nemo, mutane kuwa na zaune cikin zafin Afrilu har la'asar ta kawo jiki, kowa ya kama gabansa. Gobe in kun sake kira, wa zai zo?

Sayen adafta ma sai da lura. VGA da HDMI ba harshe ɗaya suke yi ba, adafta ce tafinta, kuma tafintar hanya ɗaya take bi: wadda ke ɗaukar hoto daga HDMI zuwa VGA ba ta yin akasin haka. Bugu da ƙari, VGA ba ya ɗaukar murya, saboda haka mai nuna fim sai ya riƙo lasifikarsa. Ba kuma kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, ko da ya yi kama da ɗan'uwansa. Maganin duk wannan shi ne a gwada tun a makaranta, sa'an nan a tambayi masu masauki irin majiginsu, da nisan soket, da ko akwai janareta.

Na san wani zai ce ai wannan aikin masu masauki ne. Ban yarda ba. Kalmar majigi kanta ta isa shaida. Motocin silima da ke zagaya ƙauyukan Arewa a zamanin mulkin mallaka, waɗanda suka bar mana wannan suna, sukan zo da injin wutarsu da farin ƙyallensu da mai yi wa jama'a bayani da Hausa. Ba sa isa gari su tambayi dagaci waya. Kome za a ce game da manufarsu, sun san wanda ya zo da magana shi ke da nauyin isar da ita.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce ta sayi akwati guda, ta zuba adafta ta kowane iri, da doguwar waya, da alli da farar takarda saboda ranar da wuta ta ƙi. A damƙa wa sakatare, duk ƙungiyar da za ta fita ta sa hannu a littafi ta ɗauka, ta dawo da shi washegari.