Wa Ya Yi Wa Kyamara Iso Zuwa Tsakar Gida?

A watan da ya gabata ne wata ƙanwata ta kira ni a waya da tsakar dare, muryarta na rawa, ta ce in zo in ga abin da ɗanta ya jawo mana. Abin da ya faru shi ne, a bikin wata 'yarmu da ta auri Babarbare, ranar da ango da abokansa suka shigo gaisuwar iyaye, sai gwaggonmu, Bafulatana da ta haura shekara 80, ta tare su a tsakar gida ta yi musu tatas. Ta kira su bayinta, ta yi wa tsagar kakanninsu ba'a, ta ce ba domin tausayi ba da ko ƙwaryar nono ba za ta ba su ba, balle 'ya. Su ma ba su bar ta ba, suka rama har da riba, gida ya kaure da dariya. Yaron nan ya ɗauki abin da wayarsa, ya ga ya yi tsawo, sai ya datse ramuwar angon, ya ɗora ragowar a YouTube. Kafin kwana uku, mutanen da ba su san gwaggo ba, ba su kuma taɓa jin labarin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba, suna ta tsine mata a kan wai tsohuwa ce mai ƙabilanci. Ita kuwa baiwar Allah, ko sunan YouTube ba ta taɓa ji ba.

Na kawo wannan labari ne domin a ganina ya tattara abin da muke kasa kamawa a duk lokacin da muhawara ta tashi kan bidiyoyin da jama'a ke ɗauka a gidajensu suna watsawa duniya. Mun fi mayar da hankali kan rawa da shigar banza, alhali sauyin da ya fi girma ya shafi magana ce kanta, da wanda aka yi ta domin ya ji.

Idan mai karatu zai iya tunawa, a shekarun baya in aka ce "bidiyon gida" ana nufin fina-finan Hausa ne na kaset, irin waɗanda suka fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano cikin 1990. Sunan gida kawai suka ara, domin a gida ake kallon su, amma 'yan wasa ne ke ciki, sun san ana ɗaukar su, an kuma biya su ko an yi musu alkawari. Bidiyon biki da na suna ma akwai su a lokacin, sai dai mai ɗauka haya ake yi, kaset ɗin kuma yana cikin durowa, ba mai ganin sa sai wanda uwargida ta ga dama ta kunna wa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru ta samu kyamara, daga nan ne gida ya tashi daga wurin kallo ya koma abin kallo.

Shi kansa YouTube da irin wannan bidiyo ya fara. Wasu matasa uku da suka taɓa aiki a kamfanin PayPal, wato Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, su suka kafa shi a Amurka cikin 2005, kuma bidiyon farko da aka ɗora, ranar 23 ga Afrilu na shekarar, na daƙiƙa 19 ne kacal: Karim yana tsaye gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego. Shekara guda bayan nan Google ya saye shi a kan dala biliyan 1.65. A 2007 wani magidanci a Ingila ya ɗauki 'ya'yansa biyu, jaririn ya ciji yatsan yayansa yana dariya, ya ɗora bidiyon domin wani amininsa da ke Amurka ya gani, sai ga shi an kalle shi sau miliyan ɗaruruwa. Wato tun fil azal haka abin yake: a yi domin mutum ɗaya, duniya ta gani. Shi dai ya yi sa'a, cizon yatsa ba ya bukatar tafinta. Maganar Bahaushe kuwa tana bukata.

Duk ɗalibin da ya zauna a ajina ya san tambayoyin da nake fara yi kafin mu taɓa kowace jimla: wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, a ina, kuma su wa ke wurin? A Hausa waɗannan tambayoyi su ne rabin ma'ana. Kaka kan kira jikanta "mijina", ta ce masa rago, ba ya kawo cefane. Taubashi kan zagi taubashinsa a gaban jama'a, a yi dariya. Bakano da Bazazzagi kan yi musu kan wane ne bawan wani har su rabu ba wanda ya ji haushi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mata ba ta kama sunan mijinta, suruka kan yi habaici da kaza alhali kowa a tsakar gidan ya san wadda ake nufi. Duk waɗannan magana ce da aka ɗinka daidai kunnen waɗanda ke wurin. In ka cire masu sauraron ka kawo wasu, kalmomin na nan yadda suke, amma wasa ya zama zagi, alkunya ta zama girman kai, habaici ya rasa mai shi ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ginin gidan Bahaushe ma ya san da haka. Shi ya sa aka yi zaure, aka yi soro na biyu, aka karkatar da ƙofa yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba, wasu ma har su rubuta "ba a shiga" a jikin bango. Baƙo kan yi sallama, a yi masa iso, mata su ja mayafi, harshe ma ya ja nasa mayafin. Kyamarar waya ba ta sallama, domin a hannun ɗan gida take. Yaron da ke riƙe da ita muharrami ne, ba wanda zai gyara zama saboda shi, amma bayansa akwai taron da ya fi na kasuwar Kurmi, kuma ba mai ganin su. Magabata sun ce magana zarar bunu ce. Su bunun da iska kan kwashe suka sani, ba su ga wanda ake adanawa a rumbun wani kamfani a ƙetaren teku ba, ana sake zaro shi kullum.

Sai dai kuma zan yi munafunci in na tsaya nan, domin ina cikin waɗanda suka fi cin moriyar waɗannan bidiyoyi. Marigayi William Labov, masanin walwalar harshe na Amurka, ya bayyana wata matsala da ke damun duk mai irin aikinmu: muna son jin yadda mutane ke magana in ba a sauraron su, amma ba mu da hanyar ji sai mun saurara. Da na je ƙauye da rikoda lokacin binciken digirina na uku, dattijon da ke zuba Sakkwatanci tsantsa da maƙwabcinsa, yana ganin na danna na'ura sai ya koma Hausar rediyo. Yau kuwa ina zaune a ofis ina jin "mi" a maimakon "me", da "hwara" a maimakon "fara", ina jin Bazazzagiya tana cewa "rigan" inda Bakanuwa za ta ce "rigar", ina jin Hausar Damagaram da ta zangon Kumasi da ta Hausawan Sudan, duk daga bakin masu ita, suna daka ko suna faɗa da yara. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka duk abin da aka rubuta da Hausa tun zamanin ƙamus na Bargery a 1934 rabin harshen ne ya kai takarda. Kuma muryar mata ita ce ta fi ɓacewa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, mun karanta kalamanta, amma ba mu ji yadda ta furta su ba. Yanzu Baba dubu nawa ke magana a cikin wayoyin jikokinsu? Wannan taska ce da babu wata jami'a da ke da kuɗin tara irinta. Abin da ke hana ni barci shi ne, abin da ya sa taskar ta yi daraja a wurina, wato rashin sanin masu maganar cewa ana jin su, shi ne ainihin zaluncin da aka yi wa gwaggo.

Da kuɗi suka shigo kuma sai lamarin ya sake kama. Tun 2007 YouTube ya fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo, a 2018 ya gindaya sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin mutum ya fara samu. Ga matashin da ya gama karatu ba aiki, wannan ƙofa ce ta halal, kuma 'yan fim ma sun bi ta bayan da kasuwar faifai ta mutu, shiri irin Izzar So da ya fara a 2020 ya nuna ana iya rayuwa da ita. Amma wanda ba shi da jarin ɗaukar 'yan wasa, da me zai cika awa dubu huɗu? Da abin da ke gabansa: matarsa, da tsohuwarsa, da yaronsa mai tsamin baki. Na ga yaran da ake tsokana har su yi kuka domin kukan ya fi jawo masu kallo. Yaro ɗan shekara huɗu bai san izini ba, amma zai kai ashirin, zai nemi aiki, zai nemi aure, bidiyon na nan yana jiran sa. Wasu ƙasashe sun fara farga. A 2019 hukumomin Amurka sun ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da yardar iyaye ba. Faransa ta yi doka a 2020 kan yaran da ake samun kuɗi da bidiyonsu, jihar Ilinoi ta Amurka ta yi tata a 2023, wadda ta wajabta a ware wa yaron kasonsa.

Mu fa? Mu hukunci muka iya. A 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano daga waya zuwa waya, sai aka dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni, aka tsaurara dokokin Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001. Ba fim ba ne, babu furodusan da ya shirya shi, kuma tambayar da ta fi cancanta, wato wa ya fitar da shi kuma da izinin wa, ta nutse cikin hayaniya. An bar jaki ana dukan taiki. A 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda ɓata sunan gwamnan lokacin. Ba ina kare abin da suka faɗa ba ne. Ina dai lura cewa in mutuncin mai mulki ko tarbiyyar jama'a aka ce an taɓa, shari'a kan yi sauri, amma tsohuwar da aka yi tallar ta ba da saninta ba, ko matar da tsohon mijinta ya saki bidiyonta, ko almajirin da aka ɗauka yana cin abincin sadaka domin mai bayarwa ya samu yabo, da wuya ka ji wanda ya tsaya musu. Alhali sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Dokokin na nan, ba a dai saba kallon su a matsayin na talaka ba.

A nawa ra'ayin, hana ɗauka ba zai yiwu ba, kuma ko zai yiwu ba na goyon baya. Abin da ya kamata shi ne a mayar da kyamara matsayinta na baƙo, a yi mata iso kamar kowane baƙo. Ka gaya wa wanda za ka ɗauka, ka kuma gaya masa inda za ka kai, da harshen da zai gane. Cewa tsohuwa "zan sa ki a intanet" ba bayani ba ne, ka ce mata mutanen da ba ta sani ba a Legas da Makka za su gan ta, har bayan ranta. YouTube ɗin ma yana da zaure ga mai so: ana iya ɗora bidiyo a rufe, ko a bar shi yadda sai wanda ka aika wa adireshinsa zai gani, amma yaranmu kaɗan ne suka san da wannan, domin ba shi ne ke kawo mabiya ba. Sannan kada a ɗauka kamfani ma'ajiya ce ta har abada. Vine ya rufe a 2017, MySpace kuma ya amsa a 2019 cewa ya yi asarar waƙoƙin da jama'a suka ɗora cikin fiye da shekara goma. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, tun daga Bayero da Ahmadu Bello har zuwa Usmanu Ɗanfodiyo, su ya kamata su riƙa karɓar irin waɗannan bidiyoyi daga iyalai da yardar masu magana, a rubuta gari da shekara da dangantakar da ke tsakanin mutanen ciki. Ni ma na daina kunna wa ɗalibai bidiyon da ban tabbatar masu shi sun san yana waje ba, ko da yake hakan ya rage mini misalai masu daɗi.

Da muka je wurin gwaggo da wayar domin a ba ta haƙuri, ta kalli bidiyon har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Zagin da aka yi mata bai dame ta ba, domin a cewarta ba ta san masu yi ba. Abin da ta tambaya shi ne ina amsar da Babarbaren ya ba ta, don ita ce ta fi daɗi, kuma cire ta ya sa kamar ta ci zalin baƙo a gidanta. Ta sa yaron ya sauke guntun ya ɗora cikakken. Ya ɗora. Ranar da na duba, mutum 41 ne suka kalla, kuma ina jin rabinsu dangin ango ne.