Jirgin Kara Ba Wasan Banza Ba Ne

Kowa ya zaga ƙauyukan Gaya da Ajingi bayan an yi girbin dawa, zai tarar da yara a gindin bishiya suna fere kara. Da totuwa da ɓawon kara sukan ƙera mota da jirgi, har da ƙafafu masu juyawa. Iyaye da yawa sukan kore su, su ce aikin banza ne. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne, musamman yanzu da maganar jirgin ƙasa ta shafi wannan yanki.

Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma aka gama shi a 1930, amma ta Ringim ya bi, ya bar Gaya a kudu. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, tare da reshe zuwa Dutse, an kuwa sa Gaya cikin tashoshinsa. To, tasha tana bukatar magina da masu awo da makanikai. Tambayar ita ce, 'ya'yanmu ne za su riƙe waɗannan ayyuka, ko kuwa rabonsu tallan gyaɗa a bakin tarago?

A ƙasashen Turai akwai mutanen da suka mai da wasan jirgi sana'a mai ƙa'ida. Sukan shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a kan tebur, sa'an nan su gina masa tasha da sito da tankin ruwa da gada, kome da awonsa. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne a rage kowane abu zuwa kashi ɗaya cikin 87. Watau faɗin dogo na zamani, milimita 1,435, ya koma milimita 16 da rabi. Ƙofa mai tsayin mita 2 ta koma milimita 23. Wanda ya kuskure lissafi, nan take aikinsa zai tona masa asiri, gama tarago ba zai shige ƙarƙashin gada ba, ko kuwa ƙofar tasha ta fi kan jirgi tsawo.

Ga abin da yaranmu suka rasa ke nan. Hannu suna da shi, ido suna da shi, awo ne babu. Yaron da ya auna zauren gidansu da igiya, ya raba da 87, ya zana a takarda, sa'an nan ya yanka kwali ya shafe da laka, ya koyi rabawa da zane da haƙuri a zama ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma wani amfani. Wani mutumin Ostareliya mai suna Roye England, da ya zauna a Ingila, ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa suna ɓacewa. Sai ya riƙa auna su yana gina ƙananansu, kashi ɗaya cikin 76, a gefen ɗan dogonsa. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon, inda mai kallo ke ganin ƙauyen Ingila kamar yadda yake wajen 1930. Mu ma haka abin yake faruwa gare mu. Bulo da kwano suna cinye soro. Zanko da indararo da rufin azara da bakan gizo da rumbu mai jinka, kullum raguwa suke yi, tsofaffin maginan da suka san sirrinsu kuwa suna ta ƙarewa. In yaro zai gina ɗan soro daidai, tilas ya je wurin magini ya tambayi yadda ake jera tubali, da dalilin da ya sa gindin bango ya fi samansa kauri. Ta haka ilmin zai tsira, ko da ginin ya rushe.

Wataƙila wani ya ce makarantar da ba ta da isassun kujeru, ina ita ina wannan? Amsa ita ce, kara da laka da tsohon kwali ba a sayensu. Abin da ake bukata rula ce da wuƙa da malami mai himma. Saboda haka muna roƙon hukumomin ilmi na Gaya da Ajingi su ware sa'a ɗaya a mako domin wannan aikin hannu. Kowane aji ya ɗauki gini guda, wannan tasha, wancan kasuwa, wancan zaure, a ƙarshen shekara a haɗa su a nuna wa iyaye, a ba da kyauta ga wanda awonsa ya fi daidai, ba wanda ya fi ado ba.

Tarihi ya ce daga Gaya maƙeran farko, Abagayawa, suka tafi Dala neman tama, har birnin Kano ya kafu. Bai kamata jikokinsu su zama 'yan kallo ran da jirgi ya tsaya a ƙofarsu ba. Allah ya sa masu iko su duba.