Kafin ka ba gidan abincin Meziko tauraro ɗaya

Idan kana bibiyar TikTok da Instagram ka san salon. Ɗan uwanmu ya samu gurbin karatu a Amurka ko Ingila, ko ya je hutu Dubai, sati bai cika ba sai ga bidiyo daga gidan abincin 'yan Meziko. Ya gutsuri taco ɗaya, ya yamutsa fuska, ya ce babu yaji, masu kawo abincin ba su da kirki, kuɗin kuma ya yi yawa. Daga nan ya shiga Google ya danna tauraro ɗaya, mu kuma mu cika wajen sharhi da dariya.

Ni dai ina ganin muna gaggawar yanke hukunci. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a wannan teburin abin da baƙo bai gani ba yana iya cutar da shi, yana iya cutar da wanda ya yi masa hidima.

Fara da sanin abincin wa kake ci. Yawancin abin da ake sayarwa a waje da sunan Meziko salon jihar Texas ne da ake kira Tex-Mex, mai yawan cuku da niƙaƙƙen nama. Taco Bell a California aka kafa shi a 1962, Chipotle kuma a Denver a 1993, duk kamfanonin Amurka ne. Girkin gargajiyar Meziko, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2010, a kan masara da wake da barkono ya tsaya. Wanda ya ci burrito a filin jirgi ya ce abincin Meziko ba daɗi, daidai yake da baturen da ya ci indomi a tasha ya ce ya gama sanin girkin Hausa.

Kuma abincin nan bai yi mana nisa yadda muke zato ba. Masarar da muke tuwo da ita a kudancin Meziko aka fara nomanta, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Su kan dafa ta da ruwan toka ko na farar ƙasa kafin su niƙa, kusan irin aikin da kanwa ke yi a girkinmu. Hakan ne ke sa ƙullun ya haɗu a yi tortilla, kuma jiki ya iya amfana da sinadarin niacin da ke cikin masarar. Jan ruwan da za ka gani a jerin abin sha da sunan agua de jamaica, zoɓo ne tsagwaronsa, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Maganar yaji kuwa, ba a cika zuba shi a cikin girkin ba, yana cikin salsa, wato miyar da ake ajiyewa a gefe. Ka nemi ta habanero, ɗan uwan attaruhu ne, za ka sha mamaki.

Abu na biyu ya fi nauyi: me ke cikin farantin? Naman alade na da babban gurbi a girkin Meziko, kuma sunayen ba za su faɗa maka ba. Carnitas alade ne. Chorizo galibi alade ne. Chicharrón soyayyar fatar alade ce. Wanda ya fi yaudarar ido shi ne al pastor, domin a tsaye ake gasa shi a jikin ƙarfe kamar shawarma. Daga shawarmar baƙin da suka zo daga Lebanon aka samo salon, amma naman ya koma na alade. Ko ka ce wake kawai za ka ci, a al'adance da kitsen alade ake soya frijoles refritos, sunan kitsen manteca, kuma yakan shiga tamales da tortilla ta fulawa. Frijoles borrachos da giya ake dafa shi, margarita kuma da barasar tequila ake haɗa ta.

Akwai mafita fa. Carne asada naman sa ne, birria ta akuya ce ko ta sa, akwai taco na kifi, akwai guacamole da ake yi da fiya. Sai dai ka buɗe baki ka yi tambaya: da wane mai aka soya, a kan tanda ɗaya ake gasa komai, naman na halal ne? Matambayi ba ya ɓata. Ka tuna mabiyanka na kallo, idan ka ɗora al pastor kana kiransa shawarma, wani ƙanenka da zai je baɗi shi zai fara nema.

Sai maganar hidima, inda muka fi zalunci ba tare da mun sani ba. A Amurka tukwicin da ake bai wa mai kawo abinci wani ɓangare ne na albashinsa. Dokar tarayya ta yarda a biya irin wannan ma'aikaci dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, muddin tukwici ya cike masa zuwa mafi ƙarancin albashi na dala 7.25. Wasu jihohi irin California sun wajabta a biya cikakken albashi, amma al'adar barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci tana nan ko'ina. A Landan kuwa sau da yawa za ka tarar an riga an ƙara kashi 12.5 a takardar biya, sai ka duba kafin ka ƙara wani. Idan ka ci na dala 40 a Houston ka tashi ba ka bar ko sisi ba, mutumin da ya yi ta zirga-zirga a kanka kusan aikin banza ya yi. In aljihu bai kai ba, je inda ake saye a kan kanta a ɗauka da kai, babu abin kunya.

Ban ce kada ka soki kowa ba. Akwai wuraren da abincinsu ya kwana, akwai ma'aikacin da zai yi banza da kai saboda launin fatarka ko hijabinki, kuma wannan ya cancanci a faɗa da babbar murya. Amma ka faɗi abin da ya faru dalla-dalla: me ka saya, minti nawa ka jira, ka yi wa manaja magana, me ya ce? Kada ka haska fuskar ma'aikaci a bidiyo ba da izininsa ba. Yawancin ƙananan gidajen nan na iyali ne, baƙi ne irinka da suka je neman na kansu, kuma da taurarin Google ɗin nan sababbin masu saye ke zaɓar inda za su zauna.

Mu da ransa ke ɓaci idan wani ya ɗanɗani miyar kuka sau ɗaya ya yi mata ba'a a intanet, mun san zafin abin. Ka je ka ci, ka yi tambayoyinka, ka bar haƙƙin mai hidima, sannan ka ɗauko waya ka ba mu labari.