Gansakukar Bishiya Ba Kauci Ba Ce

A gonakin Shanga da Ngaski, da kurmin da ke bin gaɓar Tafkin Kainji har zuwa Yauri, akwai wata halitta mai launin toka-toka da ke shimfiɗe a jikin tsofaffin bishiyoyi kamar yagaggen ganye. Da yawa suna ɗaukarta cuta, suna yi mata kuɗin goro da kauci. Wannan hukunci zalunci ne, kuma bishiyar ce ke ɗanɗana kuɗarsa.

Masana na kiran wannan halitta laikin, kuma jinsin Parmotrema na cikin masu ganye da suka fi yawa a ƙasashe masu zafi. Gane ta ba ya bukatar na'ura. Samanta toka-toka ne idan ta bushe, ya koma kore-kore idan ruwa ya taɓa shi. Gefunanta a ɗage suke, masu lanƙwasa, wasu da siraran gashi baƙi. Idan aka ɗaga gefe ɗaya, za a ga ƙasanta baƙi ne a tsakiya, ruwan ƙasa a baki-baki. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta da saiwa sai 'yan zaruruwa da take riƙe ɓawo da su.

A nan ne hujjar take. Tun 1867 Simon Schwendener, masanin tsirrai ɗan Suwizalan, ya bayyana cewa laikin halittu biyu ne a jiki ɗaya: dangin naman kaza da ke ba da mafaka, da ƙwayoyin gansakuka masu haɗa abinci da hasken rana. Ruwanta daga sama da raɓa yake zuwa. Abin da take nema a wurin bishiya mazauni ne kawai. Ana yawan ganinta a reshen da ke mutuwa ne domin ganye ya ragu, haske ya samu shiga. Bayan ciwo take isowa.

Kauci kuwa ɓarawo ne na gaske. Tsuntsaye ne ke manna irinsa a reshe, ya huda ɓawo, ya riƙa zuƙe ruwan bishiya. Ga ganyensa mai kauri, ga furensa ja, ga kumburi a inda ya kama. Shi ne ke raunana kaɗanya har 'ya'yanta su ragu, alhali da su matan karkara ke samun man kaɗe da kuɗin cefane.

Wanda ya sa adda ya kankare gansakuka ya buɗe wa ƙwari da ruɓa ƙofa a ɓawo, ya bar kauci na shagali a sama. Wanda kuma ya ce bishiya ta kamu da cuta don ya halatta sare ta ya yi gawayi, ya yi wa halitta ƙazafi. Laikin ma shaida ce ta tsabtar iska, domin yawancin ire-irenta ba sa jure hayaƙi mai farar wuta.

Saboda haka malaman gona da makarantun masarautar Yauri su koyar da wannan bambanci: a datse reshen da kauci ya kama, a ƙyale gansakuka inda take.