Ƙyallin Hoto Ba Shi Ne Wasa Ba

Masu sukar kamfanin Nintendo na Japan sun ce na'urarsa Switch, wadda ta fito a 2017, ba ta kai PlayStation 4 ƙarfin fitar da hoto ba. Gaskiyarsu, amma a ganina kamfanin bai yi kuskure ba. Ya zaɓi na'urar da ake riƙewa a hannu, a kuma jona ta da talabijin. A wasan Zelda: Breath of the Wild, ɗan wasa yakan hau kusan duk dutsen da ya hango, wuta ta ci ciyawa, tsawa ta faɗa wa mai ɗauke da ƙarfe. Wannan sakewa ce take riƙe mutum. Wii U ba ta kai miliyan 14 ba, amma an sayar da Switch fiye da miliyan 100.