Kafin a ɗora kaya, a duba kimfin

Yau maganar tsofaffin Marsandi 911 ce, waɗanda har yanzu wasunmu ke ba wa amanar kaya daga Lome zuwa Sinkase. Kimfin, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, ba ya karyewa farat ɗaya. Sai ya yi kashedi: sitiyari na rawa, taya na cinyewa gefe guda.

Gwajin ba ya cin ko dala. A ɗaga gaban da jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Yaron mota ya taka birki. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, kimfin ne.

Abin da ke ba ni haushi a garejin Tokoin shi ne a sa sabon kimfin a bar tsohon bushi, wai sauƙi. Ina! Tare ake canza su, hagu da dama, a daidaita ramin bushin, ba a tura da guduma ba, sannan a ɗura giris har ya fito sama da ƙasa. Motar da za ta bi gangaren Alejo da buhu ɗari ce fa.